Tiyon PPR a madadin galba: abin da na gani bayan neman yoyon ɓoye da sake shimfiɗa

Koren tiyon robar nan da ake haɗawa da zafi, wanda masu gyaran famfo ke ce wa PPR, ya ci kuɗinsa, amma bisa sharaɗi biyu: a samu hannun da ya iya narka shi, kuma a gwada shi da matsi kafin siminti ya rufe shi. Da shi na maye tsohon tiyon galba, wato na ƙarfe, a wani gida mai ban ɗaki biyu a unguwar Sabon Gari ta Damagaram, ya ga zafin bazara, ya ga damina, ya ga hunturu, har yau ba gaɓar da ta yi gumi. Sai dai kafin a kai ga sayen tiyo, dole a san inda ruwan yake zurarewa, kuma a nan ne yawancin mutane ke asarar kuɗi, don sai a fasa rabin tsakar gida kan zato.

Gwajin da kowa ya sani shi ne a rufe duk famfunan gida a duba kwantar ruwa. Baƙaƙen lambobi mita kub suke ƙirgawa, jajayen kuma lita, sannan akwai ƴar tauraruwa da ke juyawa ko da ruwa kaɗan ne yake wucewa. In komai a rufe yake amma tana motsi, akwai yoyo tsakanin kwanta da cikin gida, kuma wannan ɓangaren nauyin maigida ne, ba na kamfanin ruwa ba. A rubuta lambar, a jira minti 10, a sake dubawa. Lita 1 a minti 10 ba ta da yawa a ido, amma lita 144 ce a yini, sama da mita kub 4 a wata, wato fiye da tano 20 masu cin lita 200. A garin da ke zaune bisa dutse, wanda ake jawo masa ruwa daga nesa, daga Gogo da Macaya da Arunguza, wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce.

To amma a Damagaram gwajin nan yana ruɗi, kuma mai gyaran da bai san haka ba zai ba ka amsar banza. Unguwanni da dama ba sa samun ruwa dare da rana. In ka duba kwanta lokacin da tiyo ba matsi, tauraruwa ba za ta motsa ba ko da rami ne a ƙasa. In kuma ka duba daidai lokacin da ruwa ya dawo, iskar da ta cika layi tana iya juya ta alhali ba yoyo. Saboda haka a bari ruwan ya zauna sosai, a buɗe famfo ɗaya har ya daina tari da furzar da iska, a rufe, sannan a fara ƙirga. Gidan da ke da tanki a sama kuwa, gwajinsa biyu ne. A rufe makullin da ke cika tankin a gwada layin kwanta shi kaɗai. Da dare kuma a sa alama a bakin ruwan tankin, kowa ya haƙura da famfo har asuba. Tanki mai cin lita 1000 wanda faɗinsa ya kai mita 1 da santimita 10, kowace santimita da ruwa ya sauka kusan lita 10 ke nan.

Kafin a ɗauki guduma, a fara da masu sauƙi. A zuba bula a tankin masai na zamani, a jira minti 15 ba tare da an ja ba. In shuɗi ya sauko cikin kwanon, robar ƙasan ce ta mutu, ba ruwan tiyo da laifi. A duba fulotar tankin sama, don sau da yawa ruwan yana ambaliya ne ta bayan ɗaki da tsakar dare ba wanda ya gani. Mai injin tura ruwa kuma ya saurara: in injin yana tashi da kansa ba wanda ya buɗe famfo, matsi yana zubewa a wani wuri.

In waɗannan duk lafiya, sai a bi layi. Mai gyaran da na yi aiki da shi ba ya da na'urar sauraro mai tsada, doguwar sandar ƙarfe yake ɗora wa bisa kowane makulli da gindin kowane famfo, ya kara kunne a ɗaya bakin, da dare bayan unguwa ta yi tsit. Inda sautin shuuu ya fi ƙarfi, nan ne kusa da ɓular. Na ga wannan dabara ta yi aiki a kan galba, don ƙarfe yana ɗaukar sauti nesa. A kan roba ba ta cika tasiri ba. Sauran alamun ido ne ke ganinsu: ciyawa kore a wuri ɗaya cikin watan Afirilu, karo mai ƙarar kwarya in an ƙwanƙwasa, fenti mai kumbura, farin gari kamar kanwa a gindin bango, gara ta yi sansani inda ba ta saba ba. A lura, danshi ba kullum yake fitowa daidai kan ɓula ba, ruwa yakan bi jikin tiyo ya gangara ya ɓulla mita biyu ko uku gaba. A gidajen ƙasa irin na Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, kuwa, jinkiri haɗari ne, domin ruwan yana cin gindin katanga ne daga ciki tun fuskarta tana nan kamar lafiya.

Galbar da aka haƙo ta nuna abin da kullum ake gani. Wajen zare ta ɓule, inda aka yanke mata rufin da ke kare ta daga tsatsa, cikinta kuma ya cushe har ɗan yatsa ba ya shiga. Yau ruwa gobe iska, shi ne ke saurin cinye ta. Akwai kuma abin da ya fi takardar kuɗin ruwa damuna: lokacin da ruwa ya ɗauke, ɓular da ke fitar da ruwa tana iya tsotso na ƙasa ta shigo da shi. In layin ya bi kusa da salga ko kwata, abin da iyali za su sha ke nan. Don haka ɗaure ɓula da robar taya ba gyara ba ne. In galba ta ɓule wuri biyu, a bar ta a ƙasa a ja sabon layi.

Shi PPR, sanda-sanda yake zuwa, mita 4 kowace. Na ɗauki mai lamba PN20 (lambar da ke nuna ƙarfin matsin da yake iya ɗauka), milimita 25 a babban layi, milimita 20 zuwa kowane famfo. A kiyaye, namansa kauri ne: mai 20 ramin cikinsa milimita 13 da ɗan ɗoriya ne kawai. Wanda ruwansa daga tanki yake saukowa, tsayin mita 3 bai ba shi ko sulusin bar ɗaya ba (bar shi ne ma'aunin matsin ruwa), in ya shimfiɗa 20 ko'ina shawa za ta riƙa zuba kamar hawaye. Daga tanki a sauko da 32.

Haɗin shi ne komai. Injin narka tiyon ya kai digiri 260, a jira fitilarsa ta nuna ya yi. A yanke tiyo daidai da almakashinsa, ba da zarto ba, a goge ƙura da danshi, a sa alamar zurfi da fensir, milimita 14 ga mai 20. A tura tiyo da gwiwa kan injin lokaci guda: daƙiƙa 5 ga mai 20, daƙiƙa 7 ga mai 25, daƙiƙa 8 ga mai 32. A zare, a haɗa nan take ba tare da murɗawa ba, a riƙe, a bar shi minti 2 ya huce, mai 32 kuma minti 4. Gaɓar kirki tana fito da zobe biyu daidai a baki. Kuskuren da na fi gani shi ne yaron aiki ya bar shi ya daɗe kan wuta, ko ya danna da ƙarfi ya wuce alama. Robar sai ta tattaru a ciki ta toshe hanya, daga waje kuwa tsaf. Shi ya sa nake son a fara haɗa gaɓa ɗaya ta gwaji a gabana, a tsaga ta a leƙa. In wuta ta ɗauke ana cikin aiki injin ya huce, a dakata. Gaɓar da ba ta narke sosai ba takan riƙe wata biyu sannan ta saki cikin bango.

Yana da aibinsa. Rana tana ƙona shi, ya yi fari ya fara gari, don haka duk wanda ya bi kan rufi ko bango a fili a naɗe shi ko a shafa masa fenti. Yana miƙewa da zafi: mita 10, in zafi ya ƙaru da digiri 30, tsawonsa kan ƙaru da santimita 4 da rabi, sai ka gan shi ya lanƙwashe tsakanin maɗaurai. Gwiwa mai zaren tagulla tana da tsada, kuma a nan jabu ya fi yawa. Mai sauƙin nauyi tana tsagewa da an matse famfo. Teflon, wato farin tef ɗin da ake naɗa wa zare, ya isa, a ɗaure da hannu sannan a ƙara kaɗan da makulli. Kada kuma a gauraya tiyon wani kamfani da gwiwar wani. Ga layin da ya ratsa tsakar gida daga kwanta, ni baƙin tiyo mai zuwa a naɗe na fi so, don yana tafiya ba gaɓa ko ɗaya a ƙasa. A haƙa kamar santimita 50, a shimfiɗa rairayi ƙasa da sama, saboda tsakuwar garin nan kaifi gare ta.

Gwajin matsi ba abin ciniki ba ne, ko da mai gyara ya ce hannunsa ba ya kuskure. A toshe duk bakuna, a cika layi da ruwa, a fitar da iska ta famfon da ya fi tsayi, a tura da famfon gwaji na hannu zuwa bar 10. Allurar za ta ɗan sauka da farko saboda roba tana buɗewa, wannan ba yoyo ba ne, a sake turawa sau biyu, da tazarar minti 10 a tsakani. Daga nan a bar shi awa 2. In ya sauka fiye da bar 0,2, a bi gaɓa-gaɓa da busasshiyar takarda har a samu wadda ta jiƙa. Magini ya jira. Kafin ya rufe, a ɗauki hoton kowane bango da mita a jikinsa, a sa makulli a bakin kowane ban ɗaki da madafa, sannan a cire ragar bakin famfuna a saki ruwa na ƴan mintuna don ɓarɓashin roba da yashi su fita.