Ciwon Sjögren: maganin ɗigawa a ido ko ƙwayar pilocarpine?

A ciwon Sjögren, garkuwar jiki ce ke afka wa sassan da ke samar da hawaye da yawu, har mutum ya ji kamar an zuba masa yashi a ido, busasshen abinci kuma ya ƙi haɗiyuwa sai da ruwa. Maganin ɗigawa mai maye gurbin hawaye yana jiƙa ido nan take, illarsa kaɗan ce, amma aikinsa ba ya daɗewa, kuma bai shafi baki ba. Ƙwayar pilocarpine kuwa tana zaburar da ragowar sassan da ke aiki, ta fi amfanar baki fiye da ido, sai dai tana jawo yawan gumi da fitsari, kuma ba ta dace da mai asmar da ba ta lafa ba. A ganina, a fara da ɗigon. Ƙwayar sai da umarnin likita.