Hana shan taba ɗungurungum ko ware wa masu sha ɗaki: Ayalan da Sifaniya

Ranar 29 ga Maris 2004 Ayalan ta zama ƙasa ta farko da ta hana shan taba a duk wuraren aiki masu rufi, har da mashaya da gidajen abinci. Wanda ya karya doka, tararsa na iya kai Yuro 3,000. Masu mashaya sun yi ta kukan ciniki zai mutu. Wasu ƙananan mashaya na karkara sun rufe, amma tun kafin dokar cinikin nasu ke ja da baya. Abin da mai mashaya ya kashe bai wuce kuɗin allon sanarwa ba, sai wanda ya ga dama ya kafa rumfa a waje. Ma'aikata kuwa suka huta da shaƙar hayaƙin wasu, wanda ke jawo ciwon zuciya da na huhu, masu cin kuɗin asibiti.

Sifaniya ta zaɓi raba gardama a 2006. Wurin da bai kai murabba'in mita 100 ba, mai shi ya zaɓa, ko a sha taba ko a hana. Babba kuma ya ware wa masu sha sashe. Ƙananan, saboda tsoron kada maƙwabci ya kwashe musu masu saye, yawancinsu suka bari a ci gaba da shan taba. Manyan suka zuba kuɗi a bango da injin zuƙe hayaƙi. A ganina nan aka tafka asara, domin a Janairun 2011 gwamnati ta dawo ta hana gaba ɗaya, kuɗin ginin nan ya bi ruwa.

Dokar taba ta Najeriya ta 2015 ma ta yarda a ware wurin sha, irin hanyar da Sifaniya ta bari.