Seca 213, ma'aunin tsayin da nake bibiyar girman 'yan wasana da shi

Ina horar da yara 'yan ƙwallo masu shekara 11 zuwa 15, kuma Seca 213 ne ma'aunin tsayin da na dogara da shi. Na kamfanin Seca na Jamus ne. Ana harhaɗa sandunansa a kan faifan da yaro zai taka, ba sai an jingina shi da bango ba. Yana auna santimita 20 zuwa 205, har milimita guda yana nunawa.

Wannan milimitar ce ta sa ya shiga raina. Namiji yakan fi saurin tsawo wajen shekara 14, mace wajen 12, amma wani ya riga sa'o'insa, wani ya makara. A wannan tsakanin ne gwiwa da dunduniya kan dami yara da ciwo. Da na ga tsayin yaro ya zabura tsakanin awo biyu, sai in rage masa tsalle-tsalle da gudu mai tsanani. Wanda ya makara kuma ba na yarda a cire shi don ƙanƙanta, lokacinsa ne bai yi ba.

Sauran aikin na mai awo ne. A kafa shi a daɓe mai tauri, a cire takalmi, a daidaita kai yadda ƙasan ido zai yi layi ɗaya da ƙofar kunne. A riƙa awon a lokaci guda, domin mutum ya fi tsawo da safe.

Mai son amfani da lissafin Mirwald na 2002, wanda ke ƙiyasta lokacin da yaro zai fi saurin tsawo, ya tanadi akwati mai sanannen tsayi da yaro zai zauna a kai, saboda lissafin yana buƙatar tsayin yaro a zaune.