Marlin 336 mai cin .30-30, bayan kakar farauta uku

Kaka uku ke nan ina fita farautar barewa a dazukan arewacin jihar Pennsylvania ta Amurka da bindigar Marlin 336 mai cin harsashin .30-30. Irin bindigar nan ce da ake ɗanawa da mariƙin ƙarfe a ƙarƙashin kunama: ka tura shi gaba kwanso ya fita, ka jawo shi sabon harsashi ya hau. Kafin ita ina da 'yar'uwarta mai cin .35 Remington, ta hannu, wadda wani dattijo maƙwabcina ya sayar mini, kuma har yau ina kewarta. Harsashinta na da nauyi, in ya sami barewa a kafaɗa ba ta yin nisa. Rashin abincinta ne ya raba mu.

Ko a shekarar wadata, .35 ba kullum ake ƙera shi ba. Masana'antu kan buga shi jefi-jefi, in ya ƙare sai a jira wani zagayen. Da 2020 ta zo da annobar korona, jama'a suka yi wa shaguna wawaso, a shekarar ce kuma kamfanin Remington ya karye aka sayar da shi gunduwa-gunduwa, har sunan Marlin, wanda mallakarsa ne, ya koma hannun kamfanin Ruger. A Nuwambar 2021 na zagaya shaguna huɗu da ƙafata, ko kwali ɗaya ban samu ba. Harsashi bakwai suka rage mini. Da su na shiga daji ba tare da na gwada saiti ba, abin da har yanzu yake damuna, don wanda zai yi Bismillah ya harbi dabba, haƙƙinta ne ya tabbata ba zai bar ta da rauni tana wahala ba.

Shi ma .30-30 ya ɓace a lokacin, amma a unguwarmu shi ya fara dawowa kan kanta. Tun 1895 ake ƙera shi, ya yi suna tare da bindigar Winchester 1894, bindigogin da ke cinsa kuwa miliyoyi ne, don haka manyan masana'antu ba sa barinsa. Yanzu ko ƙaramin shagon ƙauye na leƙa, ina samun kwali mai guda 20, na giren 150 ko na 170 (giren ma'aunin nauyin harsashi ne), kuma ya fi .35 sauƙin kuɗi.

Sabon shiga ya kula da abu ɗaya. Harsasan bindigar nan a jere suke cikin bututu ƙarƙashin hancinta, bakin wannan na taɓa gindin wancan, daidai inda wuta ke tashi. Shi ya sa ake amfani da mai dakusasshen baki, don kada tsini ya tayar da na gabansa. Kamfanin Hornady na da samfurin LEVERevolution mai tsinin roba mai laushi, na gwada shi, ya fi miƙewa a nesa. Sai dai a dajinmu mai duhuwa da wuya harbi ya wuce yadi 100, kuma bindigata ta fi tara harbi wuri guda da tsohon na giren 170.

Bindigar ba ta da tsawo, ba ta maƙalewa a reshe, bugunta a kafaɗa kaɗan ne. Kakar bana za ta buɗe ranar Asabar ɗin da ke bin bikin Thanksgiving, wato bikin godiya da Amurkawa ke yi a ƙarshen Nuwamba. Tun Agusta na ajiye kwali uku, ɗaya na gwajin saiti, biyu na daji.