Burodinsu ya fi abin da suke sakawa a ciki

Akwai wani ɗan ƙaramin gidan burodi a unguwarmu, irin wanda ake gashi a baya, a sayar a gaba, a kuma ajiye 'yan tebura don mai son ya zauna ya ci nan take. Na leƙa shi a lokuta daban-daban, da sassafe, da rana, da kuma dab da rufewa, har sai da na ɗanɗana kusan duk abin da suke jerawa a gilashi. Abin da na gani shi ne, kusan duk abin da ya bi ta tanderunsu ya ci kuɗinsa. Amma abin da ake haɗawa a kan kanta, wato cikon sanwic da kayan sha, bai kama ƙafar burodin ba tukuna. Abin yana damuna, domin ina son wurin nan ya ɗore.

Wurin ba shi da faɗi, in mutane suka ɗan taru sai an yi ta gafara-gafara. Sai dai akwai taga tsakanin kanta da ɗakin gashi, kana tsaye kana kallon dattijon da ke aikin, hannunsa fari fat da fulawa. Wannan tagar ta fi kowace talla, don mai ƙazanta ba ya barin a leƙa madafarsa.

Burodi mai tsami shi ne ginshiƙin gidan. Ba a sa masa yis ɗin kanti. Tsohon kwaɓi ne na fulawa da ruwa ake ajiyewa, kullum a ƙara masa sabuwar fulawa don kada ya mutu. A cikinsa akwai yis na halitta da ƙwayoyin bakteriya irin waɗanda ke sa yogot tsami, su ne ke tayar da kwaɓin su kuma ba shi ɗanɗanonsa. Daga fulawa sai ruwa sai gishiri, gishirin ma kusan kashi 2 cikin 100 na nauyin fulawar, kamar yadda magasa suka saba. Sauran aikin na lokaci ne: kwaɓin yana kwana a wuri mai sanyi yana tashi a hankali. Na ga dattijon ya zaro guda daga tanderu, ya juya shi, ya ƙwanƙwasa gindinsa da yatsa yana saurare, sannan ya ɗora shi a kan raga. In ka kasa kunne za ka ji ɓawon yana ƙas-ƙas shi kaɗai yayin da yake hucewa. Na ce a yanka mini shi a nan, ya girgiza kai.

"Malam, yi haƙuri ya huce. In na sa wuƙa yanzu, cikin zai cakuɗe, ka ce ban iya ba."

"To Baba, na jira."

Gaskiya ya faɗa, domin tsokar burodi ba ta gama daidaita sai zafi ya sauka. Da aka yanka, ɓawon ya yi ja mai duhu, yana da gardi, tsokar kuma tana da danƙo da 'yan ramuka manya da ƙanana. Tsamin bai kai ya ɓata fuska ba, a ƙarshen tauna kake jin sa. Ko ba bota yana ciyuwa. Dattijon ne kuma ya ja mini kunne kada in sa shi a firiji, wanda haka yake: sanyin firiji yana sa sitacin burodi ya yi saurin ƙandarewa. In ba za a cinye da wuri ba, gara a yanka a daskarar da shi a firiza.

To, wanda yake da irin wannan burodin, me zai hana sanwic ɗinsa ya yi fice? A nan ne raina ya ɗan ɓaci. Sanwic ɗin kaza da cabata suke yin sa, burodin nan mai faɗi da wani magashi ɗan Italiya, Arnaldo Cavallari, ya ƙirƙiro a garin Adria a 1982. Kwaɓinsa ruwa-ruwa ne, shi ya sa cikinsa ke yin manyan ramuka masu riƙe man zaitun da romon nama. Nasu cabatar ba ta da makusa, kazar ma ta ji gashi da kayan ƙamshi. Matsalar ita ce tun da safe suke haɗa shi su naɗe a leda su jera. Tumatir kuma kai tsaye suke shimfiɗa shi a kan burodin. Kafin rana ta take, ruwan tumatir ya bi ramukan nan ya jiƙa ƙasan jagab. Na ɗaga shi, rabin ya zube a faranti. Gyaran bai kai ya kawo ba: a shafa bota ko a shimfiɗa latas tsakanin burodi da tumatir, a barbaɗa wa tumatirin gishiri ya tsane kafin a sa, ko kuma, wanda ya fi, a bari sai an nema a haɗa. Mutumin da ya tashi tun duhun asuba ya gasa wannan burodin bai cancanci a kashe masa aiki da leda ba.

Na kifin gwangwani mayonis ya rinjaye shi, ba ka jin kifin. Na ƙwai kuwa lami, gishiri bai ji ba.

Wanda ya wanke su shi ne sanwic ɗin cuku, kuma ba mamaki, shi kaɗai ne ake yi sai ka nema. Yanka biyu na burodi mai tsami, a shafe bayansu da bota, a sa cuku da albasar da aka soya a hankali har ta yi zaƙi, a danne a kan ƙarfe mai zafi. Yana zuwa yana tururi, gefen da cukun ya zubo ya ƙone kaɗan ya yi rumus. Tsamin burodin yana karya maiƙon, shi ya sa ba ya gundura. In mutum abu ɗaya zai ci a wurin da rana, wannan zan nuna masa.

Kurwasan kuma, wato burodin nan na bota mai siffar jinjirin wata, sai na ɗan tsaya a kansa, don shi ne ma'aunin haƙurin magashi. Ana lulluɓe faifan bota mai sanyi a cikin kwaɓi, a murza, a ninka gida uku, a mayar firiji ya huta, a sake. Ninki uku sau uku yana ba da hawa 27 na bota. A cikin tanderu ruwan da ke jikin botar yana zama tururi ya ɗaga kowane hawa daga ɗan'uwansa. In botar ta narke tun a wurin murzawa, shi ke nan, burodi mai maiƙo kawai za a samu. Da yawa suna ɗauka daga Faransa ya samo asali, alhali kakansa daga Ostiriya yake, kuma wani ɗan ƙasar, August Zang, ne ya buɗe gidan burodin da ya yayata shi a Paris a ƙarshen shekarun 1830. Faransawa suka karɓa suka mayar da shi mai hawa-hawa. Na wannan gidan, in ka same shi da safe, abin santi ne. Na raba shi biyu da hannu, ɓarɓashi ya cika mini gaban riga, cikin kuma ya fito kamar saƙar zuma, ba ɗanye ko kaɗan a tsakiya. Ƙamshin bota ne na gaske, ba ya barin wannan kitsen da ke manne wa dasashi in an yi da majarin.

Amma da yamma wani labarin ne. Yarinyar da ke kan kanta, da kyakkyawar niyya, ta ce bari ta ɗumama mini, ta jefa shi a maikurowef. Ya fito laƙwas, ɓawon ya saki, yana jan haƙori. Maikurowef yana tayar da danshin ciki ya jiƙa waje. 'Yan mintoci a tanderu su ne ke dawo da shi, ga shi kuma tanderun yana bayanta.

Naɗin kirfa ya yi daɗi, laushi har tsakiya, ba a kuma lafta masa sukari a kai ba, kirfar ce ke magana. Kek ɗin cakulan ya bushe, sai aka nemi a ɓoye bushewar da kirim mai zaƙin tsiya. Biskit ɗinsu ba yabo ba fallasa.

Gahawa ta danganta da wanda ka tarar a kan injin. Esfireso na ƙwarai ruwan zafi ne ake turawa da ƙarfi ta cikin niƙaƙƙen gari cikin daƙiƙa 25 zuwa 30. Saurayin da ke aikin safe yana kiyaye wannan, kafucinonsa, wato esfireso da madara, yana da kumfa mai laushi, madarar da ɗan zaƙinta na kanta. Da rana kuwa na sha samun wadda ta zubo da sauri ta yi tsami, madarar kuma an dafa ta har ta yi ƙauri. Madarar kumfa tsakanin digiri 60 da 65 a ma'aunin Celsius ake tsayar da ita, in ta wuce 70 zaƙin ya tafi, kumfar ta tsinke, harshe kuma ya ƙone. Wannan ba laifin ma'aikaci ba ne, rashin koyarwa ne, kuma nauyin mai gida ne.

Shayi ya fi ba ni takaici, saboda shi ne mafi sauƙi. Daga fulas suke tsiyayo ruwan, ya riga ya sha iska, sannan a miƙo maka jakar ganyen a gefe. Baƙin shayi tafasasshen ruwa yake so da minti 3 zuwa 5 kafin ya saki jikinsa. Abin da na samu ruwa ne mai launi. Lemun tsami da na'a-na'a dai ya yi, a gabanka ake matsewa, sai dai ka ce a rage ƙanƙara, a kuma kawo sukarin daban.

Ma'aikatan suna da fara'a, ba sa kuma ɗaure fuska in ka daɗe a zaune. Abu ɗaya da nake roƙon su gyara da gaggawa: babu ko ɗan kati a gaban kayan da ke nuna abin da ke ciki. Gyaɗa, riɗi, ƙwai da madara suna cikin abubuwan da ke tayar wa wasu mutane ciwo mai tsanani, wani har numfashinsa ya toshe. Na ga wata uwa tana tambaya saboda ɗanta, sai da aka shiga ciki aka tambayo, ga kuma maɗauki ɗaya ake ɗaukar komai da shi. Wannan ya wuce zancen daɗin baki.

Ta fuskar tsada, kayansu sun ɗara na masana'anta, kuma ga burodi da kurwasan ban ga abin ƙorafi ba idan aka dubi bota da awannin da suka ci. Sanwic ɗin da ya kwana a leda tun safe ne bai kai kuɗin da aka sa masa ba. Mai niyyar zuwa ya sammaka, lokacin da tire na farko ke fitowa kuma saurayin gahawa yana nan. In sanwic ɗin kaza kake so, ka ce a haɗa maka sabo, suna yi in wurin bai cika ba. In kuma burodi za ka tafi da shi gida, ka nemi jakar takarda, don leda tana riƙe tururi, kafin ka isa ƙofar gida ɓawon ya yi laushi.