Sharhi: Wunschkonzert, fim ɗin zaɓi-sonka na zamanin Hitler

Faifan na saya ta intanet. Hoton baƙi da fari ne amma tas yake, sauti ma ba laifi. Fassarar da ke ƙasan allo ce ke makara, kuma idan aka fara waƙa sai ta ɓace gaba ɗaya, alhali waƙoƙin su ne ƙashin bayan fim ɗin.

Kamfanin Ufa ne ya fitar da shi a Disambar 1940, Eduard von Borsody ya ba da umarni. Labarin ba wani mai nauyi ba ne: budurwa Inge ta haɗu da matuƙin jirgin yaƙi a wasannin Olympics na Berlin a 1936, aka tura shi Sifaniya a asirce, ta zauna jiran tsammani. Rediyo ne ya sake haɗa su, ta wani shirin zaɓi-sonka da da gaske ake yinsa ranakun Lahadi tun 1939, inda sojoji da iyalansu ke aika gaisuwa, har a sanar da soja cewa matarsa ta sauka lafiya.

Na zaci zan sha ihu da huɗuba. Ina! Uwaye ne da matan aure zagaye da akwatin rediyo, ana dariya, ana share hawaye. Akwai wani matashin soja mai kiɗa da ya hau kayan kiɗan coci don abokansa su gane hanya a cikin hazo, ya mutu a wurin, daga baya aka rera wa mahaifiyarsa waƙa. Sai da jikina ya yi sanyi, kuma abin da ma'aikatar Goebbels, ministan farfagandar Hitler, ke nema ke nan: guba a cikin zuma. Mutum sama da miliyan 20 suka kalle shi a Jamus.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne waɗanda ba a nuna ba. Tun Satumbar 1939 aka ƙwace wa Yahudawan Jamus rediyonsu, don haka wannan babban gida na Jamusawa da fim ɗin ke tallatawa ba da su ake ba. Faifan bai zo da ko gajeren bayanin tarihi ba, wannan kuwa sakaci ne. Ga ɗalibin tarihi ko mai nazarin fim, ya ci kuɗinsa. Amma ba zan kunna wa yara su kaɗai ba.