Tangstin ko LED a wurin ɗaukar fim

Fitilar tangstin, wato mai ƙwan da siririyar wayar cikinsa ke ɗaukar zafi ta ba da haske, lissafin wuta take buƙata. Mai wat 1000 tana jan kusan amfiya 4.3 a kan bolt 230, don haka uku sun kai iyakar soket mai amfiya 13. Ka ƙara ta huɗu, fis ya tsinke ko waya ta narke. Kada a taɓa ƙwan da hannu tsirara, domin maiƙon yatsa na sa gilashin ya fashe idan ya ɗau zafi. Gwajinta kuwa babu wuya: kunna, duba, sai dai rage mata wuta na mayar da haskenta ja-ja.

Fitilar LED ba ta cin wuta sosai, ƙaramin janareta ma ya ishe ta, amma ita ce mai tarko. Idan da DMX za a sarrafa su, wato tsarin ba fitilu umarni daga na'ura ɗaya ta waya, kowace fitila sai an ba ta lambar adireshinta. Idan lambobi suka hau kan juna, ka taɓa ɗaya biyu su amsa. A toshe ƙarshen layin DMX ɗin da rizisto (ɗan abin da ke rage gudun wuta a waya) mai om 120. Sannan a gwada ta ta cikin kyamara, ba da ido ba, domin mai araha tana kyaftawa idan an rage haskenta, ta kuma sa fatar ɗan wasa ta yi kore-kore.